Kalma Ɗaya, Ma'ana Huɗu: Abin da Holanci Ya Nuna Mana Game da Fassara

Duk gidan da ke da yaro ko yarinya a sakandare yana da tafinta, ko da ba a taɓa naɗa shi ba. Mu da muka taso a Samaru da Sabon Gari mun san wannan aiki tun muna aji ɗaya. Saƙon banki ya shigo wayar Baba, a ce a kira wane ya karanta. Inna ta dawo daga asibiti da takardar gwaji, a miƙo mana. Maƙwabci ya sayo maganin feshi, ya tsaya a ƙofar gida da kwalbar a hannu yana jiran a gaya masa murfi nawa zai zuba a ruwa. Babu mai tambayar ko an taɓa koya mana fassara. Tunda dai muna zuwa boko, ai mun ji Turanci ke nan. Mun san ku ma, ƙannenmu, wannan kaya yana kanku yanzu, shi ya sa muke so mu yi muku bayanin wani abu da muka fahimta bayan mun shiga Jami'ar Ahmadu Bello muna karatun harshe.

Doguwar kalmar Turanci mai wuyar faɗa ba ta cika kayar da mai fassara ba, domin da ya gan ta zai tsaya ya duba ƙamus. Wadda ke kayar da shi ita ce kalmar da ya saba gani kullum, har yake ganin ya gama saninta. Ku ɗauki kalmar "capital". A darasin Labarin Ƙasa an ce muku Abuja ce "capital" ta Najeriya, Kaduna kuma ta jiharmu, wato babban birni. Aka buga ƙararrawa, malamin Tattalin Arziki ya shigo ya ce ɗan kasuwa ba ya fara sana'a sai da "capital", wato jari. Malamar Turanci ta ja layi da jan biro a littafinku saboda ba ku fara jimla da "capital letter" ba, wato babban baƙi. Kafin a tashi, malamin Gwamnati ya kawo zancen "capital punishment", wanda shi ne hukuncin kisa. Kafin azahar kun haɗu da kalma ɗaya sau huɗu, kuma kowane karo Hausarta daban.

Akwai dalilin da ya sa waɗannan ma'anoni suka taru wuri ɗaya. Tushen kalmar daga Latin yake, daga "caput", ma'anarta kai. Babban birni shi ne kan ƙasa. Babban baƙi shi ke kan jimla. Hukuncin kisa kuwa kan mutum yake nema. Jari shi ne kan dukiya, riba na biye da shi. Bahaushe da ya dubi wannan kuɗi bai ga kai ba, uwa ya gani, shi ya sa yake cewa uwar kuɗi, domin ita ke haifar riba.

Sau da yawa idan muna yi wa ƙannenmu darasi lokacin hutu, mukan ji wani ya ce ai Hausa ba ta da kalmar "capital", ko ya ce Turanci ya fi Hausa wadata tunda kalmarsa ɗaya tana aikin namu huɗu. Wani kuma ya matsa sai an gaya masa wace ce fassarar gaskiya a cikin huɗun, don ya haddace ya huta. Amsar da ta fi gamsar da mu kan wannan ta fito ne daga wani aiki da aka ba mu a darasin fassara. Malaminmu ya ce kowane rukuni ya zaɓi kalmomin Turanci masu ma'ana da yawa, ya nemo Hausarsu, sannan ya duba yadda wani harshen Turai yake fassara su. Yawancin 'yan ajinmu Faransanci suka ɗauka. Rukuninmu ya ɗauki harshen mutanen Holan, wanda Turawan Ingila ke kira Dutch, mu kuma a nan za mu kira shi Holanci.

Holan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Atamfar Holan da iyayenmu mata ke yi wa ciniki a kasuwar Sabon Gari, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kamfanin da ya faro tun 1846. Madarar Peak da mai shayi ke hudawa asalinta daga can ne. Clemens Westerhof, kocin da Super Eagles suka ci Kofin Afirka a hannunsa a 1994, mutumin Holan ne. Amma babban abin da ya ja mu shi ne kusancin harsunan biyu. Holanci da Turanci 'yan gida ɗaya ne, dukansu daga reshen harsunan Jamus na yamma. Ruwa "water" ne a dukansu biyun, hannu kuma "hand". Mutum fiye da miliyan 20 ke magana da Holanci a Holan da arewacin Beljiyam da Suriname ta Kudancin Amurka. Muka ce idan har akwai harshen da zai iya mayar da kalmar Turanci ɗaya da kalma ɗaya, to wannan ɗan'uwan nasa ne.

Da muka duba ƙamusun Turanci zuwa Holanci a intanet, ga abin da muka tarar. Babban birni "hoofdstad" ne. Jari "kapitaal". Babban baƙi "hoofdletter". Hukuncin kisa "doodstraf". Kalmomi huɗu cif, kuma a daidai gaɓoɓin da Hausa ta raba su. Har ginin na ƙarshen ya yi kama da namu, domin "dood" mutuwa ce, "straf" kuma hukunci. Yaron da ke zaune a aji a Amsterdam, idan aka ba shi "capital" ya fassara, dole ya tsaya ya yi tambayar da ɗan Samaru zai yi: wanne daga ciki ake nufi?

Muka ci gaba da gwada wasu. Kalmar "right" a Hausa takan zama dama, ko haƙƙi, ko daidai. A Holanci ma uku ne: "rechts", "recht" da "juist". Kalmar "free" idan ana maganar fursunan da aka saka 'yanci ne, idan ana maganar littattafan da gwamnati ta raba kyauta ne, su kuma suna da "vrij" da "gratis". "Letter" wasiƙa ce ko harafi, su suna cewa "brief" da "letter". "Fast" azumi ne ko sauri, su "vasten" da "snel". Wadda ta fi ba mu dariya ita ce "date", domin takan zama kwanan wata, ko dabino, ko alƙawarin haɗuwa, su kuma "datum", "dadel" da "afspraak". Ita wannan labarinta ya bambanta da na "capital". Kalmomi biyu ne da ba su haɗa dangi ba suka zo suka yi kama a rubutu. Ta dabino daga Girkanci take, daga kalmar da ke nufin yatsa. Ta kwanan wata kuwa daga Latin take, daga kalmar da ke nufin "an bayar", wadda ake rubutawa a wasiƙa tare da ranar da aka ba da ita.

Wannan ya ishe mu amsa ga mai cewa Hausa ta gaza. Da rarraba kalmar Turanci gida uku ko huɗu alamar talauci ce, da Holanci ma matalauci ne, alhali da shi ake koyar da aikin likita da shari'a a jami'o'i irin su Leiden, wadda aka kafa tun 1575. Gaskiyar magana ita ce kowane harshe da yadda yake yanka duniya, kamar yadda teloli biyu za su karɓi turmin atamfa iri ɗaya, kowa ya sa almakashi a inda ya ga dama.

Wani lokaci ma Holanci ne ke haɗa abin da mu muka raba. A wurinsu "bank" na nufin banki, yana kuma nufin doguwar kujerar falo. "Neef" na nufin ɗan wa ko ɗan ƙane, yana kuma nufin ɗan baffa ko ɗan kawu. Wani lokacin kuma mu da Turanci muke gefe ɗaya. Muna cewa mun san Malam, mun kuma san cewa gobe Juma'a, duk da "sani" ɗaya, kamar yadda Bature ke amfani da "know". Mutumin Holan kuwa sai ya zaɓa tsakanin "kennen" na sanin mutum ko wuri, da "weten" na sanin labari.

Akwai kuma inda Hausa ta fi su biyun tantancewa. Bature na cewa "uncle", mutumin Holan na cewa "oom", su wuce. Mu sai mun san ta wane ɓangare yake: ɗan'uwan uwa kawu ne, ɗan'uwan uba baffa. Idan jimlar Turanci ta ce "my uncle", mai fassara ba shi da yadda zai yi sai ya karanta sauran labarin ya gano. Haka "you". Holanci na da "jij" ga aboki, "u" ga wanda ake girmamawa, "jullie" ga jama'a, amma bai damu da namiji ne ko mace ba. Mu kuwa ba ma iya buɗe baki sai mun zaɓa tsakanin kai da ke da ku. Wanda ya fassara wasiƙar da aka rubuta wa Hajiya ya sa mata "kai", ya ɓata aikin tun daga layin farko.

Kada kuma mu manta cewa mu ma muna wahalar da masu koyon harshenmu. Ku dubi "ci". Muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, mu ci kasuwa, a ci amana, a ci mutunci, wuta ta ci gida, riga ta ci yadi biyar. Baturen da ya haddace cewa "ci" shi ne "eat" zai sha mamaki ranar da ya ji an ce Kano Pillars ta ci wasa. Ga kuma "baki". Idan muka ce mun zauna a bakin kogin Kubanni, gefen ruwan muke nufi, abin da Turanci ke kira "bank", Holanci kuma "oever". Wanda ya bi kalma da kalma ya rubuta "mouth of the river" ya kai mai karatu wani wuri dabam, domin a Turanci wannan na nufin inda kogi ya ƙare ya zuba a teku ko tabki. Ko kalmar "manhaja" da kuka sani da ma'anar tsarin karatu, yau ita ce kuma sunan abin da ake saukewa a waya.

To, duk wannan zai iya zama kamar wasan ƙwaƙwalwa, har sai an tuna irin takardun da ake miƙo mana a gida. Hukumomi biyu da kuke ji a rediyo kullum, NDLEA da aka kafa a 1989 da NAFDAC da aka kafa a 1993, dukansu akwai kalmar "drug" a cikin sunansu. Amma masu fassara labarai na kiran ta farko hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta biyu kuma hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ku musanya su ku ji yadda za ta kasance. Mutanen Holan ma sun raba: sun aro "drugs" sun keɓe ta ga kayan maye, magani kuwa "geneesmiddel" ko "medicijn" suke ce masa. Idan takarda ta ce an kama wani da "drugs", fassararku ce za ta nuna wa mai sauraro ko mai kemis ne ko dillalin ƙwaya, kuma mutuncin mutum ne a tsakani.

Kalmar "positive" ta fi wannan haɗari. A makaranta an saba jin ta a wurin yabo, a Lissafi kuma tana nufin lambar da ta haura sifili. Amma a takardar gwajin zazzaɓin cizon sauro ko ciwon hanta, tana nufin an ga abin da ake nema a jinin, wato akwai cutar. "Negative" da ke kama da mummunan labari ita ce ke nuna ba a gani ba. A takardar rukunin jini kuwa, "O positive" ba ta da alaƙa da wata cuta, sunan irin jinin mutum ne kawai. Yaron da ya ce wa kakarsa "an ce lafiya lau" saboda ya ga "positive" zai iya hana ta komawa asibiti. A irin wannan takarda, bayan kun faɗi abin da kuka fahimta, ku ƙara da cewa a koma wurin likita ko ma'aikacin jinya ya yi cikakken bayani.

Mu 'yan Samaru muna da wani misalin a ƙofar gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tarihinta ya faro tun 1922, ita ke fitar da irin masara na SAMMAZ da na wake na SAMPEA da na gyaɗa na SAMNUT, kuma bayanin yadda ake noma su yakan fara fitowa ne da Turanci kafin ya iso ga manomi da Hausa. A irin wannan bayani "plant" takan zama shuka idan masara ce, ta zama dashe idan tumatir ne ko albasa da aka raina a bedi. "Dress" da kuka sani da tufafi, a nan tana nufin cuɗanya iri da garin magani kafin a shuka. "Dressed chicken" kaza ce da aka fige aka gyara, saura tukunya. "Dressed seed" kuwa iri ne mai guba a jikinsa, ba a ci, ba a ba dabba, ba a barin yara kusa da shi. Wanda ya fassara shi da "gyararren iri" ya tsaya nan, ya bar rabin saƙon a baya, kuma rabin da ya bari shi ne mai ceton rai.

Ga yadda muke yi yanzu idan aka ba mu rubutu. Mukan karanta shi duka kafin mu fassara kalma ko ɗaya. Sai mu tambayi kanmu daga ina takardar ta fito, domin asibiti da kotu da banki da gona kowanne da ma'anar da yake ba kalma. Daga nan mu dubi maƙwabtan kalmar. Idan "capital" na kusa da "business" ko "loan", jari ne, idan tana kusa da sunan ƙasa, birni ne. Mukan kuma duba aikin da take yi a jimla, ko suna ce ko aikatau ko sifa, domin "a patient" majiyyaci ne, "be patient" kuwa a yi haƙuri ne. Bayan mun rubuta Hausar, sai mu rufe Turancin mu karanta tamu da ƙarfi, mu ji ko mutumin da bai taɓa shiga aji ba zai gane. Inda ma'ana biyu suka yi kunnen doki, mukan koma ga wanda ya kawo takardar mu tambaye shi, tunda matambayi ba ya ɓata. Wannan hanya ita ce za ta fisshe ku a tambayar fassara ta jarrabawar Hausa, inda ake ɗana tarko da irin waɗannan kalmomi.

Ƙamus abokin tafiya ne, amma sai an karanta bayanin kalma har ƙasa. Yawancinmu ma'anar farko muke ɗauka mu rufe littafi, alhali wadda muke nema tana lamba ta uku ko ta biyar. Idan kun samu ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Neil Skinner, ko na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, ku lura da yadda kalma ɗaya ke cin layi da yawa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 zai nuna muku haka a cikin Hausar kanta. Masu amfani da waya kuma, tun 2013 Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa. Idan za ku tambayi na'ura, ku ba ta jimla cikakkiya, domin ko farfesa kuka tare a hanya kuka ce masa "date" kawai, sai ya tambaye ku wacce. Abin da ta ba ku kuma ku auna shi da kunnenku na Bahaushe kafin ku miƙa wa wani.

Abin alfahari ne a gare mu cewa wannan sana'a tana da tsohon gida a Zariya. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933, a nan ta yi aikinta ƙarƙashin Rupert East. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, a shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, lokacin da labarai ke zuwa da kalmomin da Bahaushe bai taɓa ji ba, kuma dole a samo musu Hausa kafin a kai jarida maɗaba'a. Imam ya ɗauko labarai da dama daga littattafan Larabawa da na Turawa ya zuba su a Magana Jari Ce, amma ya yi musu Hausar da har yau mai karatu ke ɗauka a garinsu aka yi su. Ko sunan littafin darasi ne. Mai mayar da shi Turanci zai sa "capital" a wurin jari, mai mayar da shi Holanci kuma dole ya tsallake "hoofdstad" da "hoofdletter" ya ɗauki "kapitaal".

Kafin fitowa ta gaba, ga aikin da za ku gwada da abokanku a lokacin tara. Ku ɗauki kalmar "charge". Ku nemo ta a bakin mai cajin waya, da a labarin kotu, da a saƙon banki, da a littafin Fiziks, ku rubuta jimla ɗaya ta Turanci ga kowanne, sannan ku fassara. Ku ƙirga kalmomin Hausa nawa kuka buƙata. Daga nan ku juya, ku ɗauki "sha" tamu, ta shan ruwa da shan iska da shan wahala da shan kaye, ku ga kalmomin Turanci nawa za ta ci. Ku kai wa malaminku na Hausa ya duba muku.